Yadda za ka tsaya wa mutumin da gwamnati ta ɓatar, ko da kana nesa: jagora daga halin fursunonin Eritiriya

Ranar 18 ga Satumba, 2001, mako guda bayan harin da aka kai birnin New York, hankalin duniya gaba ɗaya yana Amurka, jami'an tsaron Eritiriya suka bi gida-gida a Asmara, babban birnin ƙasar, suka kwashe manyan 'yan siyasa goma sha ɗaya. Cikinsu akwai tsofaffin ministoci da kwamandojin da suka yi yaƙin ƙwatar ƙasar daga hannun Habasha, irin su Petros Solomon, Mahmoud Sherifo, Haile Woldetensae da wata mace, Aster Fissehatsion. Laifinsu shi ne sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman Shugaba Isaias Afwerki ya fara aiki da tsarin mulkin da aka amince da shi tun 1997, a kuma yi zaɓe. A wannan ranar aka rufe duk jaridun da ba na gwamnati ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka bi 'yan jaridar su ma aka kama. Daga ranar zuwa yau ba a kai ko mutum ɗaya cikinsu gaban alƙali ba, ba a bar lauya ko ɗan'uwa ya gan su ba, kuma ba a yi zaɓen ƙasa ba.

Gwamnati irin wannan ba ta dogara da bindiga kaɗai ba. Babban abin da take jira shi ne a gaji, a manta. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga abu guda: ka riƙe sunan mutum ɗaya, ka riƙe shi da gaskiya, ka daɗe kana riƙe da shi, ba tare da ka jawo masa ko iyalinsa wata sabuwar wahala ba. Na ɗauki Eritiriya ne saboda nan ne aikin ya fi wuya. Wanda ya iya shi a kanta zai iya a kan kowace ƙasa.

Da farko ka zaɓi mutum, ba ƙasa ba

Idan ka ce "ina tare da al'ummar Eritiriya", magana ce mai daɗi, amma ba ta ɗora wa kowa nauyin amsawa. Idan kuwa ka ce "ina ɗan jarida Dawit Isaak yake?", to ka yi tambayar da akwai wanda ya san amsarta, yana zaune a ofis, yana da suna da muƙami.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ranar 28 ga Mayu, 1961, wani lauya ɗan Ingila, Peter Benenson, ya wallafa maƙala a jaridar Observer ta Landan a kan fursunonin da aka manta da su, ya ambaci mutane da sunansu, ya roƙi masu karatu su rubuta wasiƙu a kansu. Daga nan ƙungiyar Amnesty International ta samo asali.

A Eritiriya sunayen suna da yawa, sai ka duba wanda zuciyarka za ta iya ɗauka na tsawon shekaru. Akwai Dawit Isaak ɗin da na ambata, marubuci kuma ɗaya daga cikin masu jaridar Setit, wanda yake da takardar zama ɗan ƙasar Suwidin amma ya koma gida bayan samun 'yancin kai a 1993. An kama shi ranar 23 ga Satumba, 2001. A Nuwambar 2005 an sake shi na kwana biyu, aka sake damƙe shi. Akwai Ciham Ali, wadda aka haifa a Amurka, aka kama ta a Disambar 2012 tana shekara 15 a kan iyakar Sudan, jim kaɗan bayan mahaifinta, wanda shi ne ministan yaɗa labarai, ya tsere daga ƙasar. Yarinya ce aka riƙe saboda abin da ubanta ya yi, kuma tun ranar danginta ba su sake jin muryarta ba. Kai da kake da 'ya ko ƙanwa mai wannan shekaru, ka tsaya ka lissafa abin da ya wuce a rayuwarta daga 2012 zuwa bana.

Kada ka zaɓi mutum don addininku ɗaya kawai. Gidan yarin Eritiriya bai ware kowa ba. Tun 2002 addinai huɗu kaɗai gwamnati ta yarda da su, kuma su ma ba su tsira ba. Alhaji Musa Mohammed Nur, dattijo mai fiye da shekara casa'in, shugaban kwamitin makarantar Islamiyya ta Al Diya da ke unguwar Akriya a Asmara, an tsare shi a 2017 saboda ya ƙi yarda gwamnati ta ƙwace makarantar, ya rasu a tsare a Maris 2018. Shugaban cocin Otodoks na ƙasar, Abune Antonios, an tuɓe shi aka yi masa ɗaurin talala har ya mutu a Fabrairun 2022. Hannun da ya kama wancan shi ne ya kama wannan.

Sai ka san labarin har ka iya bayar da shi ba tare da kuskure ba

Nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe. Mutum ya ga hoto a WhatsApp, jikinsa ya yi sanyi, ya tura wa zaure goma. Kwana biyu sai a gano hoton na wata ƙasa ne ko na wata shekara. Gwamnatin da ake zargi ba ta buƙatar ta ƙaryata komai kuma, ƙarya ɗaya ta wanke mata gaskiya ɗari.

Ka samu littafin rubutu ko ka buɗe shafi a wayarka. Ka rubuta cikakken sunan mutumin yadda ake rubuta shi a takardun hukuma, ranar da aka kama shi, wurin, sana'arsa, tuhumar da aka yi masa in akwai, da rana ta ƙarshe da wani ya gan shi. Kowane bayani ka rubuta inda ka samo shi a gefensa. Kada ka yarda da abu sai ka gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Rahotannin Amnesty, da Human Rights Watch, da Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ, da na Majalisar Ɗinkin Duniya, duk kyauta ne a intanet. A 2016 wani kwamitin bincike na Majalisar ya bayyana cewa an aikata laifuffukan cin zarafin bil'adama a Eritiriya, ya haɗa da ɓatar da mutane, azabtarwa, da aikin bautar ƙasa wanda doka ta ce wata 18 ne amma ake riƙe matasa a cikinsa shekara da shekaru.

Ka kuma koyi raba abin da aka tabbatar da abin da aka ji. Misali, wani tsohon mai gadi da ya tsere zuwa Habasha ya faɗa a 2010 cewa da yawa daga cikin waɗanda aka kama a 2001 sun mutu a wani gidan yari na ɓoye da ake kira Eiraeiro. A 2016 kuma ministan harkokin wajen ƙasar, Osman Saleh, ya shaida wa gidan rediyon Faransa cewa Dawit yana raye. Babu ɗaya daga cikin maganganun nan biyu da aka kawo wa hujja. Don haka kai ba za ka ce ya mutu ba, ba za ka ce yana raye ba. Za ka ce: gwamnati ce ta kama shi, ita ce za ta nuna shi.

Kafin ka buɗe baki, ka tambayi waɗanda abin ya shafa

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kai kana Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ka yi rubutunka ka kwanta barci. Wanda zai biya kuɗin rubutun yana Asmara. A Eritiriya ana cin tarar iyaye ko a tsare su saboda ɗansu ya gudu daga aikin bautar ƙasa, kuma mutanen ƙasar da ke waje sun san ana sa musu ido ta hanyar ofisoshin jakadanci, waɗanda suke karɓar harajin kashi biyu cikin ɗari na abin da suke samu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka tsaya a kan mutanen da iyalansu suka riga suka fito fili suka nemi a yi magana, kamar Dawit da Ciham. Kada ka taɓa wallafa sunan wani sabon fursuna da ka ji a bakin ɗan gudun hijira sai da izinin danginsa. Kada ka sa hoton ɗan'uwan da yake cikin ƙasar. Kada ka kira lambar waya ta cikin ƙasar don ka yi jaje ko ka nemi labari, domin mutanen can suna magana a waya ne da sanin cewa akwai mai saurare. Idan wani da ya tsero ya ba ka labarinsa, ka tambaye shi ƙarara: "In faɗa ko in riƙe? In na faɗa, in ambaci garinku?" In ya yi jinkirin amsawa, ka ɗauka a'a ya ce.

Ka saurari 'yan ƙasar da suka daɗe a wannan gwagwarmaya. Akwai gidan rediyon Erena da 'yan jaridar Eritiriya masu gudun hijira suka kafa a birnin Paris a 2009, suna watsa labarai zuwa gida ta tauraron ɗan'adam. Su ne masu gaba, kai mai take musu baya ne. Za ka tarar su ma kansu a rabe yake, wasu ma suna goyon bayan gwamnati da zuciya ɗaya saboda tunawa da yaƙin shekara talatin da aka yi kafin a samu ƙasar. Kada ka tsoma kanka cikin rigimarsu ta jam'iyya ko ƙabila. Kai tambaya ɗaya ta kawo ka.

Rubuta wasiƙar

Yanzu ka zauna ka rubuta. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙasa a Asmara, kwafi zuwa ga ofishin jakadancin Eritiriya mafi kusa da kai. Gwamnatin tana aiki da Tigrinya, Larabci da Turanci, saboda haka ɗalibin da ya yi karatun Larabci a Islamiyya ko a zaure yana da abin da Bature mai rubuto wasiƙa ba shi da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwamnatin Asmara ta saba cewa duk masu sukarta 'yan koren ƙasashen Yamma ne. Wasiƙar da ta fito daga Zariya ko Damagaram, cikin Larabci, da hannun malamin makaranta ko ɗan kasuwa, ba ta shiga wannan zargin.

Kada ta wuce shafi ɗaya. Ka fara da gaisuwa ta girmamawa da muƙaminsa. Ka faɗi ko kai wane ne a layi guda: malami ne ni a Najeriya, ko ma'aikaciyar jinya ce ni a Nijar. Sannan ka kawo sunan fursunan da ranar da aka kama shi. Sai buƙatunka, kuma su zama abin da za a iya yi gobe da safe: a bayyana inda yake da halin lafiyarsa, a bar iyalinsa da lauya da likita su gan shi, a sake shi, ko in akwai tuhuma a kai shi kotu a fili. Ka tunatar da su cewa Eritiriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi, kuma hukumar da ke kula da yarjejeniyar a Banjul ta yanke hukunci a 2003 a kan 'yan siyasar nan goma sha ɗaya, ta sake yankewa a 2007 a kan 'yan jaridar, duka biyun tana cewa tsarewar ta saɓa doka, a sake su. Wato ba kai ka ƙirƙiro buƙatar ba, Afirka ce ta riga ta faɗa.

Ban da zagi. Ban da kiran a kifar da gwamnati. Na san zuciya tana tafasa, amma ma'aikacin da zai buɗe ambulan yana neman dalilin jefa ta kwandon shara ne, kuma zagi shi ne dalilin. Mafi muni, wasiƙar da ta haɗa sunan fursuna da kiran juyin mulki tana iya zama hujjar da za a ce ai ga shi, da maƙiyan ƙasa yake aiki. Ka sa hannu da sunanka na gaskiya da garinka, ka ɗauki hotonta ka ajiye, ka rubuta ranar da ka aika.

Akwai wasiƙa ta biyu, ta ƙarfafa gwiwa. A ƙasashe da dama ana iya aika wa fursuna kati har ɗakinsa, kuma masu gadi sukan sassauta idan suka ga duniya ta san da shi. A Eritiriya wannan ba ya yiwuwa, tunda ba a san ma inda suke ba. Sai ka aika wa iyalin ta hannun ƙungiyar da take aiki da su. Kalmomi kaɗan sun isa: mun san sunansa, muna yi masa addu'a, ba mu manta ba. Kada ka sa siyasa a ciki.

Ƙofofin da suka fi kusa da kai

Gaskiya ita ce Asmara ba ta cika amsa wasiƙa ba. Shi ya sa ba a tsayawa a kanta. Gwamnatinka tana da kujera a Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ita kana da haƙƙi a kanta. Tun 2012 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba ta naɗa wakili na musamman a kan Eritiriya, ƙasar ba ta taɓa barinsa ya shiga ba, kuma duk shekara, wajen Yuni zuwa Yuli, sai an sake zama a kan ko za a sabunta aikinsa. Ƙuri'un ƙasashen Afirka suna da nauyi a wannan zama. Ka rubuta wa ma'aikatar harkokin waje da ɗan majalisarka tun watan Mayu, ka tambaye su matsayin ƙasarka.

Wanda zai ce ina ruwanmu da wata ƙasa, a tuna masa da abin da iyayenmu suka yi. A 1976 Najeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da wani kaso na albashinsu, ɗalibai suka yi karo-karo, don baƙaƙen fatar da ba su taɓa gani ba. A 1979 ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Abin da ya rage mana koya shi ne yin irin wannan tsayuwa idan azzalumin baƙar fata ne irinmu, wanda shi ma ya taɓa zama ɗan gwagwarmayar 'yanci. Kuma gaɓar tekun Eritiriya ba baƙuwarmu ba ce. Ta wannan yanki sahabban Manzon Allah (SAW) suka tsallaka zuwa wurin Najashi, sarkin da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa, kuma alhazanmu na ƙafa sun bi ta Sudan har Masawa, tashar jiragen ruwan Eritiriya, wasunsu suka zauna can, zuriyarsu tana nan.

Sai kuma waɗanda suka riga suka fito. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka mutu, mafi yawansu 'yan Eritiriya. Dubbai suna sansanonin gabashin Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya same su. A ƙarshen 2017 aka fara kwaso wasu daga wuraren tsarewa na Libiya zuwa Nijar, daga baya aka riƙa ajiye su a Hamdallaye kusa da Yamai. In kana kusa da irin waɗannan, taimakon ya fi na wasiƙa sauƙi: ka raka mutum asibiti, ka yi masa tafinta a kasuwa, ka koya masa Hausar da zai sayi abinci ba a cuce shi ba. In za ka ba da kuɗi, ka ba ƙungiyar da aka sani wadda take wallafa lissafinta. Kada ka tura kuɗin fansa ga lambar da wani baƙo ya aiko maka.

Ka shirya wa doguwar tafiya

Mutum ɗaya yakan gaji. Ku haɗu ku biyar ko shida, abokan aiki, 'yan majalisar shayi, matan unguwa bayan Islamiyya, ku sa rana ɗaya a wata. Minti talatin ya isa kowa ya rubuta tasa da kalmominsa, domin wasiƙu shida mabambanta sun fi kwafi sittin na abu ɗaya. Ku riƙe ranakun da duniya take saurare: 3 ga Mayu ta 'yancin 'yan jarida, 30 ga Agusta ta waɗanda aka ɓatar, 18 ga Satumba, da 10 ga Disamba ta haƙƙin ɗan'adam, lokacin da Amnesty take gangamin rubuta wasiƙu na shekara-shekara. A irin waɗannan ranaku ku kira shirin rediyo na garinku, ku rubuta wa jarida, ku sa bayanin a Facebook cikin Hausa. Labarin waɗannan mutane ya yi ƙaranci a harshenmu, fassara shi daidai kaɗai babban aiki ne.

Shin yana aiki? Wani lokaci ƙwarai. Moses Akatugba yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Jihar Delta a 2005, aka yanke masa hukuncin kisa a 2013 bisa zargin fashin wayoyi, shi kuwa ya ce da azaba aka sa ya amsa laifin. Saƙonni fiye da dubu ɗari takwas suka isa daga ko'ina a duniya, a Mayun 2015 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. A Eritiriya abin ya fi haka nauyi. Wasu Kiristoci uku mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, Paulos Eyasu, Isaac Mogos da Negede Teklemariam, an tsare su a Satumbar 1994 saboda sun ƙi ɗaukar makami, ba a sake su ba sai Disambar 2020. Shekara 26 ba tuhuma. Duk tsawon lokacin akwai masu ambaton sunayensu, shi ya sa ranar da suka fito duniya ta san su waye.

Ka kula da kanka kai ma. Ka san dokar ƙasar da kake zaune, ka faɗi abin da kake da hujjarsa kaɗai, ka sa wa wayarka da asusunka makulli mai ƙarfi. Kuma in ka saba tambayar ina Dawit yake, bakinka ba zai yi nauyi ba wajen tambayar ina Abubakar Idris Dadiyata yake, malamin jami'ar da wasu mutane suka ɗauke daga gidansa a Barnawa, Kaduna, a farkon Agustan 2019. Littafi ɗaya ne, shafi ne kawai za ka ƙara.

Idan labari ya zo cewa an saki mutuminka, kada ka yi gaggawar neman hira da shi ko yaɗa hotonsa. Sau da yawa ana sakinsu ne da sharaɗin su yi shiru, kuma suna nan a hannun waɗanda suka tsare su. Ka jira iyalin su fara magana. Idan kuma labarin rasuwa ne, kamar yadda ya faru da tsohon ministan kuɗi Berhane Abrehe, wanda aka kama a Satumbar 2018 bayan ya wallafa littafi yana sukar shugaban ƙasa, ya mutu a tsare a Agustan 2024, to akwai wasiƙa ɗaya da ta rage: a miƙa wa iyali gawar, a bayyana dalilin mutuwar, a bari masu bincike masu zaman kansu su duba. Ka aika wa iyalin ta'aziyya ta hannun ƙungiyar da kuka saba bi, sannan a zamanku na wata mai zuwa ku ɗauki suna na gaba.